Tagar da Aka Rufe a Ƙarshe

Ofishin auna tashin teku, Punta Arenas.
Ƙarfe biyar na yamma, duhu ya riga ya shimfiɗa tabarmarsa,
iska na dukan kwanon rufi kamar mai bin bashi.
Ina zaune a kujerar Evaristo Quilodrán
wadda har yau ta lotsa daidai jikinsa.
Ga ƙoƙon shayinsa a gefe, ganyen ya bushe tun watan Mayu.

Shekara ashirin da biyu yana hira da injin nan
ta baƙin allo, layi bayan layi,
bai taɓa ɗora alƙalami a takarda ba.
"Ai tana tunawa," yakan ce,
yana shafa kan kwamfutar kamar mai yabon karensa.

Yau ma'aunin bakin mashigi ya yi gum, ba ya aiko lamba.
Na san akwai wani umarni, dogo kamar igiyar anga,
da yake bugawa duk ranar da haka ta faru.
Na danna kibiyar sama.
Na danna.
Na sake dannawa.

Ya duba kwanan wata.
Ya leƙa wani kundi, ya fito.
Ya kuskure harafi, ya gyara.
Haka har layi ɗari biyar, iyakar cikinta ke nan,
duk ƙaiƙayi, babu tsaba.

Taga shida yake buɗewa kullum.
Kowacce na riƙe abin da aka faɗa mata a zuci,
sai an zo sallama take zuwa ta juye a fayil guda,
ba ta tambayar wa ya riga ta,
ta goge, ta rubuta nata.
Sawun giwa ya taka na raƙumi.
Ba wadda ta sha wuya ce ke tsira ba,
sai wadda aka rufe a ƙarshe,
ko da ita ce ya buɗe don ya ga ƙarfe nawa.

Na buga waya Chiloé.
'Yarsa Amaranta ta ɗauka, ta ce yana barci,
ta ce tun da jini ya buge shi
cokali yake kira da sunan jirgin ruwa.
Na ce a gaishe shi. Ban yi tambayar ba.

Sai na shiga lalube.
Sau arba'in allon yana ce mini a'a,
ɗumamar ɗaki ta mutu, na sa safar hannu na ci gaba,
ina cire ta in buga, in mayar.
Ƙarfe biyu saura na dare lamba ta faɗo:
mita ɗaya da tamanin da huɗu, ruwa na hawa.

Ban tashi ba.
Na buɗe fayil ɗin saiti, na yi wa injin gargaɗi:
daga yau ki ƙara a ƙasa, kada ki goge na sama.
Duk abin da aka faɗa miki, rubuta shi nan take,
kada ki jira sallama,
ba kowa ke samun damar yin ta ba.
Ki riƙe dubu ɗari, ki sa wa kowane rana da sa'a,
don wanda zai zauna a nan bayana
ya tarar da sawu, ba rairayi ba.

Abu guda na bari yadda ya bar shi.
Shi ya koya mini, shekarar da na zo ina rawar sanyi:
layin da aka fara da gurbi fanko
ba ya shiga tarihi.

Na danna gurbin.
Na rubuta: na gode, tsoho.
Ta ce ba ta san wannan umarni ba.
Na danna kibiyar sama,
babu shi.
A waje teku na ci gaba da hawa.